Tambaya: Yaya zan gane abincin Sinawa na asali a ƙaramin gidan abinci a Katsina?

Ɗan Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah, iyaye da yayye da ƙanne na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka zauna a ƙasar Sin suka san abincinta, da kuma waɗanda suke sana'ar girki a cikin garin Katsina.

Sana'ata sayar da kayan wutar sola ce, kuma akasarin kayana daga birnin Guangzhou nake saro su. Wakilin kamfanin da nake hulɗa da shi, wani Basine mai mutunci wanda ya ɗauki ɗawainiyata ƙwarai lokacin da na je bikin baje kolin Canton da ake yi a can Guangzhou, yana Najeriya a halin yanzu. Ya zaga Legas da Abuja, yanzu yana Kano, kuma ya yi mini alkawarin zai ƙaraso Katsina a mako mai zuwa domin ya ga shagona, ya kuma gana da wasu abokan cinikina. A wayar da muka yi ya ambata mini, cikin ladabi da kunya, cewa cikinsa bai saba da yawan man da ke abincinmu ba, kuma tun da ya sauka ƙasar nan bai ci abin da ya kama masa ciki kamar na gida ba. Maganar ta tsaya mini a rai, domin Hausawa sun ce baƙonka annabinka, balle baƙon da ya riga ya yi maka alheri a garinsu.

To, a unguwarmu an buɗe wani ƙaramin gidan abinci mai tebura kaɗan, kuma a allon ƙofarsa an rubuta cewa ana sayar da abincin Sinawa tare da na gida. Na leƙa na karanta takardar jerin abincinsu, na ga soyayyiyar shinkafa da soyayyiyar taliya da wata miyar naman sa mai kauri da tattasai. Zamana a Guangzhou bai ba ni ma'aunin da zan auna wannan da shi ba, saboda kamar yawancin 'yan kasuwarmu, a gidajen abincin Larabawa da na 'yan Afirka da ke unguwar Xiaobei na fi ci, don gudun faɗawa cikin haram.

Abin da nake so a taimaka mini da shi shi ne alamomin da zan duba in tabbatar cewa abin da ake dafawa a wurin ya dace da abin da Basine zai kira abincin gida, da kuma abin da ya kamata in kiyaye ta fuskar halal tunda tare za mu ci. Wasu abokai sun ce in bar wahalar da kaina, in ɗauke shi mu koma Kano ko Abuja inda manyan gidajen abincin Sinawa suke, amma raina bai kwanta da a ce baƙo ya zo Katsinar Dikko sannan a fita da shi wani gari neman abin da zai ci ba. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da shawara da alheri.

Abu Safwan ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da ladan karamci. Na yi karatun injiniya a birnin Lanzhou, hedikwatar lardin Gansu da ke arewa maso yammacin Sin, don haka zan faɗi abin da na gani da idona na kuma ci da bakina.

Kafin ka sake taka ƙafa zuwa wannan gidan abinci, ka kira baƙon naka ka tambaye shi lardin da aka haife shi. Kasancewarsa yana aiki a Guangzhou ba ya nuna cewa ɗan can ne, domin birnin cike yake da mutanen da suka zo neman arziki daga sauran larduna, kuma ƙasar da ke da mutane sama da biliyan 1.4 ba za ta taɓa zama da abinci iri guda ba. Su da kansu suna lissafa manyan salon girki guda takwas, na Sichuan da Hunan da Guangdong da Shandong da Jiangsu da Zhejiang da Fujian da Anhui, kuma wannan lissafin ma bai haɗa da girkin Musulmin arewa maso yamma ba. Mutumin kudu shinkafa ce cimarsa, mutumin arewa kuwa alkama ce: taliya, da turarren burodin da suke kira mantou, da ƙullin kwaɓaɓɓiyar fulawa mai nama a ciki da suke kira jiaozi. Ɗan Sichuan ko ɗan Hunan yana iya cin barkonon da zai sa Bakatsine hawaye, alhali ɗan Guangdong burinsa ya ji ɗanɗanon kifin kansa, an turara shi da citta da lawashi kawai. Idan ba ka san wanda kake ciyarwa ba, kana iya samun ƙwararren kuku ya dafa abincin Sin na gaske, baƙon kuma ya ci yana jin kamar yana wata ƙasa.

Sannan ka sani cewa mafi yawan abin da duniya ke kira abincin Sinawa a wajen Sin, an sake masa kama ne domin ya dace da bakin mutanen wurin. Kazar nan mai zaƙi da ake kira General Tso, wani kuku ɗan asalin Hunan mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙiro ta a Taiwan, ta kuma yi suna a birnin New York a shekarun 1970, amma talakan Hunan bai taso da ita a gidansu ba. Indiyawa ma suna da nasu, mai yawan kayan yaji. Namu na Najeriya shi ne shinkafar da ake rina ta da kori, a zuba mata hanta da koren wake da karas. Abinci ne mai daɗi, ina cinsa a biki da suna, sai dai ba shi baƙonka yake kewa ba.

Ga yadda zan gwada wurin da ni ne. Zan ajiye takardar jerin abincin gefe, in roƙi kukun ya soya mini tumatir da ƙwai irin na Sinawa, da kabeji ko wani ɗanyen ganye da tafarnuwa, da farar shinkafa. Tumatir da ƙwai shi ne girkin da kusan kowane ɗan Sin yake fara koya a gaban mahaifiyarsa, kuma duk wanda ya koyi girki a hannun Sinawa zai yi murmushi da ya ji an ambace shi. Ana fara soya ƙwan ne shi kaɗai a kwashe shi tun yana da laushi, a soya tumatirin har ya saki ruwa, sannan a mayar da ƙwan a juya sau kaɗan da gishiri da ɗan sukari da lawashi. Idan aka kawo maka miyar ƙwai irin wadda muke ci da doya, mai albasa da attaruhu da mai yana yawo a sama, ka samu amsarka. Ka kuma kasa kunne wajen kicin. Girkin kasko na Sinawa wuta mai ƙarfin gaske yake so, za ka ji ƙarar ta da ƙarar ludayi yana bugun ƙarfe, abincin kuma ya iso cikin 'yan mintoci yana tururi, ganyen yana nan da korensa da ƙaras-ƙaras ɗinsa. Duk abin da aka ɗebo daga kula, ko da an rubuta masa suna da harafin Sinanci, ya riga ya fita daga wannan layi.

Abin da ni kaina na fi kewa shi ne taliyar naman sa ta Lanzhou, wadda Musulmin ƙabilar Hui suka shahara da ita, kuma da safe aka fi cin ta. Za ka ga mai taliyar da farar hula a kansa ya ɗauki curin kwaɓi ya ja shi iyakar faɗin hannayensa, ya ninka, ya sake ja, yana kaɗa shi a kan tebur, kafin ka gama biyan kuɗi curin ya koma zare-zare ya faɗa tukunya. Mutanen garin suna auna kwano da abubuwa biyar: romo ya zama garau ana hango ƙasansa, da farin yankakken radish, wata saiwa mai kama da karas, da jan man barkono, da koren ganyen kusbara, wato koriyanda, da na tafarnuwa, da taliyar da ta yi ɗan ruwan ɗorawa. Abin da ke ba kwaɓin wannan danƙo da launi shi ne ruwan tokar wani tsiro, tokar da suke kira penghui, kwatankwacin ruwan tokar da iyayenmu mata suke tacewa su zuba a miya. Na kawo wannan ne don ka san cewa akwai babban reshe na girkin Sin wanda Musulmi ne suka gina shi a kan alkama da naman sa da na rago, kuma Katsina ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Maman Zinnira ta amsa:

Alhaji ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni mai sana'ar abinci ce a nan cikin gari, ina dafa na taro da na ofisoshi, kuma ina so in yi magana ta ɓangaren masu kicin, domin Injiniya ya faɗi gaskiya amma bai faɗi dalilin da ya sa muke dafa abin da muke dafawa ba.

Mai ƙaramin gidan abinci a Katsina bakin masu sayensa yake bi. Idan na soya kabeji yadda Injiniya ya kwatanta, yana ƙaras-ƙaras, rabin masu saye za su maido mini da faranti su ce bai nuna ba. Idan na kawo farar shinkafa babu gishiri babu mai, za a tambaye ni ina miya. Idan romo ya fito garau, za a ce na yi rowar kayan miya. Ga tsadar gas, domin wutar da wancan girki yake so tana shan gas ninkin wadda muke dafa dafa-duka da ita, kuma kowane faranti sai an kunna masa wutarsa daban, ba kamar tukunyar shinkafa da ake dafawa sau ɗaya a yini ana sayarwa ba. Ga kwalaben kayan haɗi da sai an aika Kano ake samun masu kyau. Saboda haka abin da ke rubuce a takardar jerin abinci bai cika nuna iyakar abin da kukun ya iya ba, abin da yake fita a kasuwa kawai yake nunawa. Kada ka yanke wa wurin hukunci da takarda. Ka nemi ganin wanda yake riƙe da ludayin, ka gaisa da shi da mutunci, ka gaya masa baƙon da kake da shi, ka ba shi kwana biyu ya shirya, ka kuma biya kuɗin cefanen tun da wuri. Mai sana'a idan ya ga an girmama hannunsa, yakan fito da abin da ya ɓoye.

Idan ya amince, akwai abubuwan da za ku gyara tare waɗanda ba sa buƙatar komai daga waje. Na farko shinkafa. Wadda muka saba da ita ta buhu an riga an turara ta tun tana cikin ɓawo, shi ya sa take fitowa warara. Sinawa ɗanya suke ci, mai ɗan kama juna yadda za ta ɗauku da tsinkayen cin abincinsu, don haka ɗanyar shinkafa irin wadda muke tuwo da masa da ita ta fi kusa, a wanke ta sosai, a dafa da ruwa daidai, ba gishiri ba mai. Idan kuma soya ta za a yi, sai wadda ta kwana ta huce, ita ce ba ta caɓewa a kasko.

Sai awara, wadda ita ce abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta girkin Sin. Abin da yaranmu ke talla a ƙofar makarantun Islamiyya da yamma, daga waken suya, shi ne dai abin da Sinawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ci. Bambancin shi ne mu muna zuba mata attaruhu da albasa tun a wajen haɗi, mu matse ta sosai, mu soya ta a mai mai yawa, su kuwa sun fi son ta fara da laushinta, su yanka ta ƙanana su dafa a romo ko a miya. Ka sa a je wurin mai awara tun da safe a ce ta ware maka ɗanya, wadda ba a sa wa komai ba kuma ba a danne ta da dutse ta bushe ba, a jiƙa ta a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri domin tsamin ya ragu.

Nama kuma sirrinsa a yanka yake. Mu mun saba da ƙosassun yanka da ake tafasawa a soya, su kuwa suna yanka shi siriri, a gicciye da jijiyar naman, su cuɗa shi da soya sos, wato baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken suya, da ɗan garin sitaci da farin ƙwai, su bar shi ya ɗan jima, sannan ya shiga kasko mai zafi ya fito kafin ya yi tauri. Citta ɗanya za a nema, ba busasshiya ta shayi ba, da tafarnuwa da lawashi da man riɗi na gamawa. Kori da tayim da dunƙulen magi mai ƙamshin kaza duk a ɗauke su daga kan tebur ranar. Farin magi kuwa kada ganinsa ya sa ka ce an yi maka algus, domin su ma suna amfani da shi a kicin ɗinsu, ko da yake wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ne ya gano shi a 1908. Kaɗan dai ake sawa.

Malam Na-Gobarau ya amsa:

Assalamu alaikum. Alhaji ya yi tambaya biyu, an amsa ta farko da kyau, bari in taɓa ta biyun, sannan in ɗan saɓa wa 'yan uwa a wani wuri.

Naman da aka fi ci a ƙasar Sin shi ne na alade, kuma kitsensa yana shiga girki da yawa, har da wanda ake ganin ganye ne zalla. A cikin garin Katsina, a hannun kuku Musulmi da yake sayen nama wurin mahautanmu, wannan ba shi ne abin damuwa ba. Abin da za a sa wa ido shi ne kwalabe da ledojin da aka shigo da su. Girkin Sin na yau da kullum yana amfani da giyar shinkafa wajen kashe ƙarnin nama da kifi, wadda ta fi shahara ita ce ta garin Shaoxing a lardin Zhejiang, kuma kwalbarta tana iya zama a jere da ta soya sos mutum ya ɗauka duk kayan miya ne. Ka roƙi a nuna maka kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ka nemi tambarin halal a jikinsu, abin da aka rubuta da Sinanci zalla kuma ka ɗauki hotonsa ka tura wa baƙon naka ko Injiniya su karanta maka. Musulmin Sin suna da alamar da suke rubutawa a ƙofar gidajen abincinsu da jikin kayansu, haruffa biyu ne, 清真, ana furta su qingzhen. 'Yan ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 11 a ƙidayar 2020, kuma a Guangzhou ɗin da kake zuwa akwai masallacin Huaisheng, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a ƙasar. In Allah ya sake kai ka, ka nemi shagunan taliya masu wannan alama, ka ci abincin ƙasar da kwanciyar hankali maimakon ka taƙaita kanka ga na Larabawa.

Inda na saɓa shi ne a ɗauka cewa karrama baƙo ita ce a kwaikwayi abincin garinsu kawai. Mutumin nan zai koma gida a tambaye shi abin da ya gani a Katsina. Ku ba shi abinsu sau ɗaya domin cikinsa ya huta, wannan daidai ne, amma ku kai shi gida ya zauna a kan tabarma ya ci namu, a rage mai da yaji saboda shi. Farfesun rago mai romo sosai da gurasa, ko masa da zuma, ko tsire mai zafi da aka ciro daga wuta a gabansa, ba na jin za su ba shi wahala. Fura da nono a fara ba shi kaɗan, domin mutanen gabashin Asiya da dama cikinsu ba ya jure madara. Zuwa Kano ko Abuja don cin abinci kuwa ban goyi bayansa ba ko kaɗan, ga nisan hanya ga halin da hanyoyinmu suke ciki.

Bature Direba, Daura, ya amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji, daga Daura nake rubutu. Tun da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a garinmu a 2019, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, mutanenmu sun saba da ganin Sinawa a kasuwa. Ni kaina na yi tuƙi a wani kamfanin gine-gine na Sinawa, kuma cikin aikina har da kai kukunsu cefane, don haka na ga abin da suke ci idan babu baƙon ido.

Abin da yake saye ba ya wuce abin da kowa ya sani: kabeji da kokwamba da tumatir da ƙwai kiret-kiret, da tafarnuwa mai yawan da za ka yi zaton sari yake yi, da ɗanyar citta da gyaɗa, da kaji masu rai, da kifi in ya samu sabo. A bayan masaukinsu sun yi ɗan lambu sun shuka ganyayen ƙasarsu, kowace yamma za ka ga wani babban injiniya ya tsuguna yana ba su ruwa da kansa. Da safe kunun shinkafa suke sha, mai ruwa-ruwa, babu sukari babu madara, da turarren burodi da ɗan ganye mai gishiri. Abin da na fi so a teburinsu shi ne kokwamba: kukun yakan kwantar da faffaɗar wuƙarsa ya buge ta ta fashe, ya gutsuttsura, ya zuba dakakkiyar tafarnuwa da ruwan kal da soya sos da ɗigon man riɗi. Cikin zafin bazara babu abin da ya kai ta. Sai soyayyiyar gyaɗa da gishiri a ɗan faranti. Ba a zuba wa kowa nasa, shinkafa ce kawai ake raba wa kowa a ƙaramin kwano, sauran a jera a tsakiya kowa ya miƙa hannu.

Ka kula da lokaci, Alhaji. Ƙarfe goma sha biyu na rana suke cin na rana, na dare kuma wajen ƙarfe shida, idan ka jinkirta shi zuwa bayan isha'i yadda muka saba, zai wahala ko da bai faɗa ba. Kada kuma ka tarbe shi da ruwan sanyi mai ƙanƙara kana ganin gata ka yi masa, ruwan zafi ko shayi marar sukari da madara ya fi so.

Akwai wani abu da zai amfane ka. A irin waɗannan kicin ɗin yaranmu ne suke yin wanke-wanke da yanke-yanke, kuma mai ƙwazo a cikinsu yakan ƙware har kukun ya riƙa bar masa kasko. Idan kwangila ta ƙare sai su watse cikin garuruwa neman aiki. Ka tambayi kukun unguwarku inda ya koyi sana'ar, domin amsar wannan tambaya ta fi duk abin da ke rubuce a allon ƙofa.

Ɗan Marusa ya sake rubutawa:

Jama'a, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na bi shawarwarinku, ga kuma abin da na samu.

Na kira baƙon, ya ce shi ɗan lardin Henan ne, kusa da birnin Zhengzhou, wato mutumin alkama ne kamar yadda Injiniya ya yi bayani. Da na tambaye shi abin da ya fi kewa, bai yi jinkiri ba ya ce huimian, wata faffaɗar taliya da ake ja da hannu a dafa cikin romon rago, har ya turo mini hotonta.

Jiya bayan la'asar, lokacin da babu cunkoso, na je gidan abincin na nemi ganin kukun. Matashi ne mai natsuwa, kuma hasashen Malam Bature ya tabbata, domin a kicin ɗin wani kamfanin Sinawa masu aikin hanya ya yi shekaru kafin ya dawo gida. Da na ambaci tumatir da ƙwai sai ya yi dariya ya ce tun da aka buɗe wurin babu wanda ya taɓa tambayarsa. Ya bar ni na tsaya a bakin ƙofar kicin. Ya janyo wani baƙin kasko mai zurfi daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora a wuta har ya fara hayaƙi kafin ya zuba mai, ƙwan ya kumbura nan take ya kwashe shi, kuma ban gama amsa wata waya ba faranti yana gabana, ja da ruwan ɗorawa, da ɗan romo mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi a ƙasa. Na tura wa baƙon hoto, ya amsa da cewa haka mahaifiyarsa take yi.

Na duba kwalaben kamar yadda Malam Na-Gobarau ya ce. Soya sos ɗinsa yana da tambarin halal, babu giyar girki a wurin, kuma ya ce da citta da lawashi yake kashe ƙarni. Abin da ba shi da shi shi ne baƙin ruwan kal irin na Sinawa, baƙon kuma ya ce zai taho da kwalba daga Kano. Game da huimian, ya ce ya sha taya maigidansa yin ta. Zai karɓo ƙasusuwan rago da nama wurin mahauci da asuba ya dafa su awanni har romon ya yi fari, ya kwaɓa fulawa da gishiri, ya shafe curin da mai ya bar shi ya huta, sannan ya ja ta a gaban baƙon. Mun tsayar da ƙarfe goma sha biyun ranar Laraba, da kokwamba da gyaɗa da ɗanyar awara a gefe, da yamma kuma uwargida za ta yi farfesu da gurasa a gida kamar yadda Malam ya ba da shawara.

Saura abu ɗaya, Hajiya Maman Zinnira. Kukun ya ce taliyar ba ta cika sai da ɗanyen ganyen kusbara, wanda wasu ke kira koriyanda, kuma na zaga masu kayan gwari a babbar kasuwa ban samu ba. Idan kin san mai lambun da yake shuka shi, ko a Ajiwa ne ko a Jibiya, ki taimaka ki sanar da ni kafin ranar Talata domin in aika a karɓo.